Likita da Waswasin Jikinsa

Ɗan ƙanena ya zo mana hutun ƙaramar Salla a shekararsa ta huɗu ta karatun likita, wato lokacin da ɗalibai suke barin ɗakin gawa da ɗakin gwaje-gwaje su fara bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya, kuma tun ranar da ya sauka na lura da wata ɗabi'a a tattare da shi wadda ban san shi da ita ba. Muna zaune a zaure ana cin tuwo, hannunsa na dama yana cikin kwano, na hagu kuwa yana can gefen wuyansa, ƙarƙashin muƙamuƙi, yatsu biyu suna ta lalube kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. In an yi masa magana ya sauke hannun ya amsa da ladabi, da zarar hankalin mutane ya bar kansa sai hannun ya koma inda ya fito. Kwana uku ina ganin haka ban ce uffan ba, sai a dare na huɗu, bayan an idar da lisha jama'a sun watse, shi da kansa ya matso bakin tabarmata, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffa, ina jin ciwon daji ne da ni, kuma ban faɗa wa kowa ba."

Da na nemi ya warware mini zancen daga tushe, sai ya ba ni labarin wani saurayi sa'ansa da aka kwantar a ɗakin da yake koyon aiki, wanda ya zo da kaluluwa a wuya da gumin dare da rama, aka auna aka tarar da irin ciwon dajin nan da ke kama kaluluwar jiki. Shi aka sa ya ɗauki tarihin ciwon, shi ya riƙa zuwa kowace safiya yana duba shi, har suka saba suna hirar ƙwallo, sa'an nan wata safiya ya zo ya iske an naɗe katifar gadon. A daren wannan rana, yana kwance, hannunsa ya kai wuyansa ya ji wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba. Daga nan ya fara lissafi: yana gumi da dare, alhali bazara ake yi kuma babu wutar lantarki a ɗakin kwanansu, ya rame, alhali azumi aka gama, yana jin kasala, alhali bai cika samun barcin sa'a biyar ba. Duk waɗannan dalilai ya san su, shi ya jera mini su da bakinsa tun ban tambaya ba, amma sanin bai amfane shi da kome ba. Sau uku ya kai jininsa a auna a ɓoye, sau uku sakamako yana fitowa lafiya lau, kuma kowane sakamako kan ba shi natsuwar kwana biyu ko uku, sa'an nan zuciya ta ce masa ai irin wannan ciwo ba kullum yake nunawa a jini da wuri ba.

Washegari, da izninsa, na sanar da mahaifinsa, wanda mutum ne mai ibada da son ɗansa, sai ya yi shiru jim kaɗan ya ce raunin tawakkali ne, a gaya masa ya yawaita istigfari ya bar wa Allah al'amarinsa. Ban yi masa musu a lokacin ba, domin babu wanda istigfari bai amfana. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, gama na tabbata akwai ɗaruruwan samari da 'yammata a makarantun likitancinmu, har da manyan likitoci masu furfura, waɗanda suke kwana da irin wannan nauyi, ba su iya faɗa wa abokan aiki don gudun dariya, ba su iya faɗa wa iyaye don gudun a tuhumi imaninsu.

Abin ba sabo ba ne a wurin malaman likitanci. Tun a 1908 wani likitan jijiyoyi na birnin Boston a Amurka, mai suna George Walton, ya rubuta cewa ɗalibai ba su gushe suna zuwa wa malamansu da tsoron sun kamu da cutar da suke karantawa a wannan mako ba. A 1964 wasu masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka ba da rahoton cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban likitanci sukan fuskanci irin wannan tsoro mara tushe a wani lokaci na karatunsu. Daga baya, a 1998, wani bincike da aka yi a Ingila, wanda ya gwada ɗaliban likitanci da sauran ɗalibai, bai tarar sun fi waninsu tsananin wannan damuwa ba. Abin da nake fahimta daga haɗa waɗannan biyu shi ne, tsoro mai wucewa kusan kowane ɗalibi yakan ɗanɗana shi, wanda ke kafa sansani ya zauna kuwa rabon kaɗan ne, a cikin likitoci da waɗanda ba likitoci ba. Sai dai in ya sami likita yakan same shi da makamai waɗanda ba ya samu a wurin manomi ko ɗan kasuwa, domin likita yana da sunan kowace cuta, yana da hanyar ɗakin gwaji, kuma yana da amsar kowace magana da za a faɗa don a kwantar masa da hankali.

A nan mas'alar take, kuma mas'ala ce ta hikima kafin ta zama ta asibiti. Mun taso muna jin cewa jahilci shi ne uban tsoro, ilmi kuwa fitila ce mai korar duhu; to, yaya aka yi ilmin jiki ya zama sababin firgita ga mai shi? In fatar idon tsohuwa ta yi rawa, sai ta ce yau za ta ga baƙo, ta ci gaba da kaɗinta. In tsokar hannun likita ta yi irin wannan rawa, sai ya tuna da wata cuta mai cinye jijiyoyin motsi sannu a hankali har mutum ya kasa haɗiya da numfashi, cutar da ba ta kama fiye da mutum biyu ko uku cikin dubu ɗari a shekara, alhali rawar tsoka kusan babu ɗan Adam da ba ya yin ta, musamman in ya gaji ko ya yawaita shayi da gahawa. Har wasu likitocin jijiyoyi na birnin Sidni a Ostareliya suka rubuta a 2013 game da likitoci 'yan'uwansu da ke zuwa wurinsu da wannan tsoro na musamman. Tsohuwar ta yi kuskure a fassararta, amma ta kwana lafiya. Likitan ya san gaskiyar da ita ba ta sani ba, ya kwana ido biyu.

Amsar da na iya kaiwa gare ta ita ce, ilmin ɗibbu, kamar yadda hukama'u na da suka sani, ilmi ne na galibi da rinjayen zato, yana magana a kan jinsin jikuna, yana cewa cikin dubu masu alama kaza, kaza ne ke da cuta kaza. Amma ba ya taɓa faɗa wa mutum guda, da yaƙini yankakke, cewa kai wane ba ka cikin kaɗan ɗin nan. Lokacin da likita yake duba wani, wannan rinjayen zato ya ishe shi, yakan ce wa mara lafiya je ka gida, in bai sauka ba nan da mako shida ka dawo, kuma ya yi daidai. Amma ranar da jikin da ake magana a kai ya zama nasa, sai ɗaya ɗin nan da ke cikin dubu ɗari ya kumbura ya cika masa ido, har ya rufe sauran dubu casa'in da tara da ɗari tara da casa'in da tara. Ibn Sina ya kawo misali a kan ƙarfin wahami wanda ban san wanda ya fi shi dacewa da wannan hali ba, inda ya nuna cewa mutum yakan taka gungumen itace in an shimfiɗa shi a kan hanya ba tare da ko gezau ba, amma in aka gitta wannan gungumen a kan rami mai zurfi, da ƙyar ya iya rarrafawa a kansa, domin ransa ya riga ya sawwara masa faɗuwa, gaɓoɓinsa kuwa suna bin abin da rai ya sawwara. Faɗin itacen bai canja ba, haka lissafin likitan bai canja ba. Ramin da ke ƙarƙashi ne ya bayyana.

Akwai kuma wata illa da wurin aikin kansa yake jawowa, wadda ɗalibi ba ya farga da ita. Asibitin koyarwa kamar rariya yake, wanda aka tankaɗe marasa lafiyar lardi guda a cikinsa, masu sauƙi suka zube tun a ƙauye da ƙananan asibitoci, tsakin kaɗai ya iso. Mutum dubu da kaluluwa ta fito musu saboda ciwon haƙori ko ƙurji a ka, ta sauka da kanta bayan mako biyu, babu ɗayansu da ya zo gaban ɗan ƙanena. Wanda ya zo shi ne guda ɗin da tasa ta zama ajali. Saboda haka idonsa ya koyi wani lissafi da ya saɓa wa na littafinsa, zuciya kuwa ta fi gaskata ido. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, magana ce ta hankali ga wanda yakan ga gobara sau ɗaya a shekara. Amma wanda sana'arsa ta ajiye shi inda kullum gemu ke ci, in ya bi wannan karin magana bi da bi, hannunsa ba zai taɓa barin haɓarsa ba. Sa'an nan lalube kansa yana haifar da abin da ake tsoro: kaluluwar da ake matsawa sau hamsin a yini dole ta yi tsami ta ƙara tasawa, bugun zuciyar da ake ƙirgawa cikin fargaba dole ya ƙaru, sai mai waswasi ya riƙi abin da hannunsa ya jawo a matsayin hujja a kan kansa.

Duk da haka zalunci ne a ce wa likita tsoronsa wahami ne zalla, gama tarihin sana'arsa cike yake da waɗanda suka ji tsoro kuma tsoronsu ya tabbata. Armand Trousseau, babban likitan Faris, shi ya bayyana wa duniya a 1865 cewa daskarewar jini a jijiyoyin gaɓoɓi, in ta zo babu wani dalili a fili, takan zama alamar ciwon daji da ke ɓoye a ciki. A farkon 1867 ya ga wannan alama a hannunsa na hagu, ya gane abin da take nufi, kuma bai kai ƙarshen shekarar ba ciwon dajin tumbi ya kashe shi. A ƙasarmu ma, likita Jeanette Troup ta asibitin mishan da ke Jos ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ta rasu a watan Fabrairu na 1970, shekara guda bayan an fara gane cutar a garin Lassa na ƙasar Borno. Likita Stella Adadevoh kuwa, wadda ta hana mutumin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya fita daga asibiti a Legas, ta tsare miliyoyin mutane da wannan tsayin daka nata, ita kuma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta 2014. Kowane ɗalibi ya san waɗannan labarai, ya kuma san cewa allurar da ta huda mai ƙanjamau in ta soke shi akwai haɗarin kamuwa kimanin uku cikin dubu, na ciwon hanta kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba ga wanda bai yi rigakafi ba. Wanda yake aiki a cikin wannan, in an ce masa babu kome, ya san ba a faɗa masa gaskiya ba, kuma daga ranar ba zai ƙara kawo kukansa ba.

To, shin raunin imani ne? Ni ban yarda ba, kuma ina ganin malamanmu na farko ba su tafi a kan haka ba. Ya inganta a hadisi cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, wanda ke nuna cewa abin da ke faɗowa zuciya ba da zaɓin mutum ba, ba shi ne ma'aunin imaninsa ba. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya keɓe babi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ga waswasi da zancen zuci, ya lissafa shi cikin cututtukan rai tare da fushi da firgita da baƙin ciki, ya nema masa magani kamar yadda ake nema wa zazzaɓi: ya hori mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya sami amini mai hankali da zai riƙa mayar masa da tunaninsa kan hanya, ya kuma tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Mutumin da ya rubuta wannan fiye da shekara dubu da suka wuce bai ga mai waswasi a matsayin mai laifi ba. Binciken zamani ma ya ƙarfafa cewa ciwo ne na haƙiƙa mai cin jiki, domin a 2023 masu bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin, bayan sun bi bayanan mutum fiye da 4,000 da aka tabbatar suna da wannan larura, sun tarar cewa a matsakaici sukan riga waɗanda ba su da ita mutuwa da kimanin shekara biyar. Wanda ya ce wa irin wannan bawan Allah imaninka ne ya yi rauni, ya ɗora masa tsoro na biyu a kan na farko, ya tashi daga mai tsoron kabari kaɗai ya koma mai tsoron kabari da abin da ke bayansa.

Amma kuma ba na cewa addini ba shi da ta cewa a nan. Yana da ita, sai dai ba a inda mahaifin yaron ya nuna ba. Na tambayi ɗan ƙanena a daren da ya faɗa mini damuwarsa, na ce, "Ɗana, wane sakamako ne in an kawo maka shi gobe za ka ce shi ke nan, ka huta har abada?" Ya daɗe yana tunani, sa'an nan ya ce, "Babu shi, Baffa." Wannan amsa tasa ita ce zuciyar al'amarin. Gwaji yana ba da labarin jiya da yau, kuma da rinjayen zato yake bayarwa. Abin da mai waswasi yake nema kuwa takardar aminci ce daga gobe, wato yaƙinin cewa ajali ba ya kusa, wannan kuwa ilmi ne da Allah ya keɓanta da shi, bai ba annabi ba balle na'urar awon jini. Saboda haka duk lokacin da ya koma ɗakin gwaji yana tambayar na'ura abin da ba ta da shi, ta ba shi ɗan abin da take da shi, ya ji sanyi kwana biyu, sa'an nan ƙishin ya dawo fiye da da, kamar mai shan ruwan kanwa.

Imam al-Gazali, a babin tawakkali na Ihya, ya kasa sabuban kawar da cuta kashi uku: akwai wanda amfaninsa yankakke ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, barinsa haramun ne in ana tsoron halaka, akwai wanda ake rinjayar da zaton amfaninsa, kamar ƙaho da shan magani, yin sa ba ya warware tawakkali, akwai kuma na wahami, wanda bin diddiginsa shi ne ke cin tawakkali. In muka ɗora halin likita mai waswasi a kan wannan ma'auni, sai mu ga abu guda yana iya tashi daga wani kashi ya faɗa wani: kai kaluluwa wurin likita karo na farko riƙon sababi ne wanda shari'a da hankali suka yi umurni da shi, amma awo na huɗu a kan tambayar da aka riga aka amsa sau uku ya fita daga babin magani ya shiga babin wahami, ko da kuwa da na'urar zamani aka yi shi. Sayyidina Umar, da ya isa Sarg a kan hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa annoba ta sauka a can, ya tara mutane ya yi shawara, ya yanke hukuncin komawa, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ya ɗauki haɗarin da muhimmanci, ya yi abin da ya wajaba, ya wuce. Ba a ruwaito ya tsaya a kowane zango yana sake tara jama'a a kan mas'alar da an riga an gama ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin wannan hali yana cikin littafin da yaran makarantun zaurenmu suke karantawa kafin gemu ya fito musu. A mazhabar Malik, wanda ya tabbata ya yi alwala sa'an nan ya yi shakkar ko ta karye, sai ya sake. Wanda ya yi shakkar raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan abin da ya tabbata ya kawo ɗaya. Wannan shi ne hukuncin mai lafiyar zuciya, wanda shakka kan zo masa jefi jefi, kuma ihtiyaɗi ne mai kyau. Amma Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a Risala ya ware mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, wanda masu sharhi suka ce ita ce mai zuwa masa kullum ko da sau ɗaya, ya ba shi hukunci dabam: ya kau da kai daga shakkar, kada ya gyara kome, ya yi sujada ba'adi kawai. Fuƙaha'u sun gane cewa ihtiyaɗin da ke gyara sallar mutum dubu shi ne ke rushe sallar wannan guda, domin in aka ce ya sake duk lokacin da ya yi shakka, ba zai bar bakin buta ba har rana ta fito. Ba su ce masa ya jira sai shakkar ta tafi sa'an nan ya yi salla ba. Sun ce ya yi sallarsa shakkar tana nan, kada ya amsa mata. Masana halayyar ɗan Adam na Ingila, Paul Salkovskis da Hilary Warwick, sun isa ga irin wannan matsaya a 1986 ta hanyar lura da marasa lafiya, inda suka nuna cewa yawan neman a tabbatar wa mutum lafiyarsa ƙalau shi ne itacen da ke rura wutar damuwar, kuma sauƙi yana farawa ne ranar da aka daina lalube da maimaita awo, aka haƙura da zafin rashin tabbas har ya huce da kansa. A fahimtata tawakkalin mai waswasin ciwo ke nan, aiki ne da ake yi da hannu kafin a ji shi a zuci: ya sauke yatsunsa daga wuyansa alhali zuciyarsa tana kururuwar ya mayar.

Sai dai akwai sharaɗi, wanda in babu shi wannan magana za ta zama guba. Mutum ba ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi mustankihi ne a sha'anin jikinsa, domin Trousseau ma alama ya gani, kuma tasa gaskiya ce. Dole wani ne daga waje, mai ilmi, wanda ramin ba a ƙarƙashin ƙafarsa yake ba, zai duba sau ɗaya dubawa ta sosai, ya ce wannan a bi shi, wannan a bar shi. A nan kuwa likitoci suka fi kowa rauni, gama wanzami ba ya son jarfa. Likita yakan ji nauyin ya yanki kati ya bi layi ya kwanta a gadon awo, sai ya tare abokin aikinsa a baranda ya ce don Allah ɗan taɓa nan ka ji, abokin ya taɓa a tsaitsaye ya ce babu kome, wanda ba dubawa ba ce, ba kuma ta kwantar da rai; ko kuwa ya rubuta wa kansa awo da magani, ya zama shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne shaida. Ibn Sina da kansa, wanda Ƙanun nasa ya yi ƙarnuka ana karantar da shi a gabas da yamma, almajirinsa al-Juzjani ya ba da labarin cewa da ciwon ciki mai murɗa ya kama shi a cikin tafiyar yaƙi, saboda ɗokin ya warke da wuri sai ya yi wa kansa huƙuna, wato ɗura magani ta ƙasa, har sau takwas a yini guda, hanjinsa ya yi rauni, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Hamadan a 1037. Ilminsa bai ragu ba a wannan rana, amma da wani ne ya zo masa da wannan ciwo, da wuya ya yi masa abin da ya yi wa kansa. Ina ganin wajibi ne a kan manyan likitocinmu su riƙa faɗa wa ɗalibansu wannan a fili tun ranar da za su fara shiga ɗakin marasa lafiya, su gaya musu cewa su ma sun taɓa kwana suna lalube, su kuma nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa a asirce in abin ya zo, domin kalma guda daga bakin wanda ɗalibi yake girmamawa ta fi awo goma.

Abin da muka yi da ɗan ƙanena ke nan. Da ya koma makaranta ya yanki kati kamar kowa, ya zauna a benci tare da masu jira, ya shiga wurin wani dattijon likita ya faɗa masa kome, har da saurayin da ya rasu da awo ukun da ya yi a ɓoye. Dattijon ya duba shi tun daga wuya har hammata da ciki, ya auna ƙullutun ya rubuta girmansa, ya ce ya dawo bayan mako shida, kuma kada ya taɓa wurin ko sau ɗaya kafin nan, in tsoron ya ci ƙarfinsa ya zo su yi magana, amma ba za a sake awo ba. Ya gaya mini makon farko ya fi masa azumin bazara wuya, har ya riƙa sa carbi a aljihun farar rigarsa don hannun hagu ya sami abin riƙewa in ana zagaye. Da mako shida suka cika, ƙullutun yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, dattijon ya ce tsohuwar kaluluwa ce irin wadda mutane da yawa suke da ita tun ƙuruciya, ya kuma haɗa shi da wata likitar ƙwaƙwalwa da ya riƙa gani na 'yan watanni.

Yanzu ya gama, yana aiki a wani asibitin gwamnati, kuma bai ɓoye mini cewa abin yakan leƙo shi ba, musamman in ya kwana biyu a kan aiki ko ya rasa mara lafiya matashi. A bara ya kira ni da dare ya ce allura ta soke shi a yatsa yana ɗinke wani da aka kawo daga haɗarin mota, kuma awo ya nuna mutumin yana ɗauke da ƙanjamau. Ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya sanar da na gaba da shi, ya fara shan maganin kariya a daren, tun ba a je ko kusa da sa'a 72 da aka iyakance ba, zai kuma sha har kwana 28, an rubuta masa ranakun da zai je awo. Na tambaye shi ko yana jin tsoro, ya ce, "Ina ji, Baffa, sosai ma. Amma ranar da aka rubuta zan je, ba zan je kafin ta ba." Muna cikin magana na ji ana kiransa daga nesa, ya ce an kawo wata mai naƙuda, ya yi mini sallama ya ajiye wayar.